Ankon Ruwan Toka

Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta zuwa gaisuwa hannu rabbana, ba ta kuma zuwa taro babu anko. Da wannan hali ta zo daga Kano, kuma shekarun da ta yi tare da mu a Silver Spring ba su rage mata shi ba ko kaɗan. Ko suna ake yi a bene na sama da namu, wanda lif zai kai mu kafin mu gama gyara ɗauri, sai ta tambayi kalar da aka fitar. A wurinta, in ka sa irin tufafin mutum ka gaya masa kai nasa ne, ba sai ka buɗe baki ba.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun da Amurkawa ke ta bukukuwan cika shekara ɗari da hamsin da yaƙin basasarsu. A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti, maigidana injiniya ne, ƙanwarmu kuma, wadda har yau Auta muke kiranta, ta gama karatun haɗa magunguna ta kama aiki. Ita ce ta kawo mana saurayi baƙar fatar Amurka, wanda ya musulunta tun yana jami'a. Hajiya ta sa masa ido na tsawon watanni. Ta ga yana cire takalmi a bakin ƙofa, yana durƙusawa ya gaishe ta, yana cin tuwo da miyar kuka ba ya tambayar me aka sa a ciki. Daga ƙarshe ta ce ta yarda. Mahaifinmu ya riga ya rasu, baffanmu na Kano kuma ya wakilta maigidana, saboda haka abu ɗaya ya rage.

"Ubansa ya tako da ƙafarsa ya nemi aure," in ji Hajiya. "Ni ba na ba yaro 'ya. Manya ake ba."

Uban kuwa ya ƙi zuwa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga tuƙin bas, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a Upper Marlboro. Musuluntar ɗansa ba ita ce damuwarsa ba, wannan ya daɗe da haɗiye ta. Mu ne damuwarsa, mu 'yan Afirka. Ya gaya wa ɗan nasa cewa ya yi shekaru yana ɗaukar irinmu a bas, ya san mu sarai. Muna zuwa mu zauna a kan abin da kakanninsu suka zubar da jini a kai, ba mu san labarin ba, ba ma neman mu sani, sannan mu koma gida muna ja wa 'ya'yanmu kunne kada su yi abota da nasu. Da Auta ta kawo min wannan magana sai da na tashi tsaye don fushi, na yi ta faɗa a kicin. Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne na sha jin irin wannan jan kunnen a falukan mutanenmu.

Haka aka yi ta ja. Hajiya ba ta sassauta ba, dattijo bai motsa ba, Auta tana tsakani tana ramewa. Na san ƙanwata. Ba za ta yi aure ba da yawun Hajiya ba, kuma ba za ta so wani ba bayan wannan.

Ana nan sai saƙo ya zo. Dattijo ya ce kafin ya san ko zai zo falonmu, mu fara zuwa filinsa. Ashe yana cikin mutanen nan da ke sa kakin sojojin da, su fita wata gona su kwaikwayi yaƙin basasar, da bindigogi da igwa da tantuna, kamar yadda aka yi shi tsakanin Arewa da ta nemi a 'yanta bayi da Kudu da ta ce ba ta yarda ba. Kakan mahaifinsa bawa ne a wata gonar taba kusa da inda yake zaune yanzu, ya gudu ya shiga rundunar baƙaƙen fata ta Arewa. A madadinsa dattijon ke sa kakin, har ya kai muƙamin saje a cikin 'yan wasan. Tun daga ranar Hajiya ba ta sake kiransa da komai ba sai Saje.

Da farko abin ya ɗaure mata kai. Tana amarya aka yi namu yaƙin basasar, ta ga jiragen ƙasa cike da samari suna tafiya, ta kuma ga yadda suka dawo da sauran wuri a ciki.

"Yaƙi ake wasa da shi?" ta tambayi Auta. "Su mutu su tashi su ci abinci?"

Amma da ta fahimci cewa gayyata ce daga surukin da ake ta roƙo, sai jikinta ya ɗauka. Ta ce a nuna mata shi. Auta ta buɗe wayarta ta nuna mana hoton da ta ɗauka a jikin bangon falonsa. Irin hoton da ne, wanda masu wannan wasa ke zuwa a yi musu a kan farantin ƙarfe, babu kala. Ga Saje a tsaye ƙyam, bindiga a kafaɗa, maɓallai a jere, fuska ba alamar wasa. Hajiya ta ce a tura mata hoton a wayarta, tana so ta riƙa yi masa addu'a.

Ba addu'a kaɗai ta yi da shi ba. Washegari, bayan Auta ta tafi aiki, ta kira ni da maigidana ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce za mu je filin nan da anko, kuma kalar rigar Saje za mu fitar, don ya gani da idonsa cewa mu nasa ne. Ta ce kada Auta ta ji, don yaran zamani sun ɗauki anko ƙauyanci. Sai ta miƙa wa maigidana wayar.

"Injiniya, duba mana. Wace kala ce wannan?"

Maigidana mutum ne da bai taɓa cewa bai sani ba. Ranar da ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa bai faɗi tambaya ko ɗaya ba, kuma babu baƙon da ya shigo gidanmu bai ji wannan labari ba. Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya kai shi jikin taga.

"Ruwan toka ne, Hajiya," ya ce. "Mai ɗan duhu a sama, mai haske a wando."

Shi ke nan. Hoto ya tafi Kano wurin aminiyar Hajiya, ita kuma ta shiga kasuwa da waya a hannu tana gwada shi da yadi. Aka samo mana leshi ruwan toka mai ƙananan duwatsu, maza kuma shadda. Aka aika awo, aka ɗinka, kaya suka biyo wani mai dawowa daga hutu. Ranar da muka buɗe jakar nan na yi ta shafa leshin ina jin daɗi, don gaskiya ya yi kyau. Hajiya ta gayyaci matan da muke zumunci da su, daga Silver Spring har Alexandria, da mazan da suka samu hutu. Muka kai kusan mutum ashirin. Yaranmu, waɗanda da sun gan mu da kallo ɗaya za su gaya mana abin da muke shirin yi, duk mun sauke su a makarantar Asabar tun da safe.

Ban manta daɗin tafiyar nan ba. Kaka ce, ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya, iska da ɗan sanyi. Motoci a jere muka tsallaka kogi muka shiga Virginia. Bayan motarmu cike da kuloli, ga waina, ga miyar taushe, ga dambun nama, ga zoɓo a jarkoki. Matan suna ta waya daga mota zuwa mota, wannan tana tsokanar ɗaurin waccan. Hajiya tana gaba, carbi a hannu, tana murmushi ita kaɗai. Ni kuwa har na fara tsara yadda zan tsaya a gaban dattijon nan in ga ta bakin da zai sake cewa ba mu damu da su ba.

Muka ajiye motoci a kan ciyawa, muka jeru, Hajiya a gaba da sandarta. Tun daga nan mutane suka fara tsayawa suna kallonmu. Wasu suka ɗaga waya. Wata Baturiya cikin siket mai faɗi kamar lema ta dafa ƙirji ta bi mu da ido. Hajiya ta waiwayo ta ce min a hankali, "Kin gani ko? Anko ba ya ɓuya."

A bakin shiga akwai wani mai nuna hanya. Ya dube mu sama da ƙasa, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya nuna mana hagu. Muka bi hagu. Ƙamshin hayaƙin itace da naman da ake soyawa ya tare mu, ga fararen tantuna a jere, ga dawaki a ɗaure, ga wani yana kaɗa abu mai kama da gurmi. Kuma ga sojoji ko'ina, dukansu cikin ruwan toka. Da suka gan mu sai suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna cire huluna. Mai gurmin ya daina kiɗa.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya. "Ga 'yan ankonmu. Ina Sajen?"

Na shiga duba fuskoki. Gemu ja, gemu fari, gemu ruwan ƙasa. Babu baƙar fuska ko ɗaya sai namu. Sannan na ɗaga kai na ga tutar da ke kaɗawa a kan babban tantin, ja mai gicciyen taurari. Wannan tuta na san ta. Ina ganinta a bayan wasu motocin a-kori-kura in mun fita wajen gari, kuma ko maigidana, da duk iliminsa, ba ya tsayawa shan mai a inda aka kafa ta.

Ban gama haɗa lissafin ba sai ga Auta, wadda ta riga mu zuwa, a guje ta ratsa fili, gyalenta a hannu, saurayin yana bin ta a baya. Ta tsaya a gabana tana haki.

"Yaya, me kuka saka?"

"Anko ne," na ce. "Kalar Saje."

"Saje shuɗi yake sawa. Arewa shuɗi ne. Wannan kalar ta masu bayi ce, Yaya. Waɗanda suka yi yaƙi don kada a saki kakansa."

Ta nuna can ƙetaren filin. Wasu tantunan ne, da wata tutar, da sojoji cikin shuɗi mai duhu. A gefe guda akwai rukunin baƙaƙen fata, kuma a gabansu wani dogon dattijo ya harɗe hannu a ƙirji yana kallonmu. Ko daga nesa na gane tsayuwar, ita ce ta cikin hoton. Ya ga shigowarmu, ya ga inda muka nufa, ya ga an cire mana huluna.

Auta ta fashe da kuka. Saurayin ya tsaya yana shafa ƙeya, ya ce irin wannan hoton haka yake, shuɗi yakan fito fari-fari. Na juya na dubi maigidana. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce ai ya ga wani babban kanti a hanya, a je a sayo riguna shuɗɗa a ɗora a sama. Wata daga cikin matan ta ce mu dai mu lallaɓa mu koma mota. Ni kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum jin zafi a kunne, kuma ina neman wanda zan sauke wa.

Hajiya ta bari kowa ya gama. Sannan ta dubi saurayin.

"Ɗana, a yaƙin gaskiyar, wa ya ci?"

Auta ta fassara masa tana share hawaye. Ya ce masu shuɗi.

"Su masu tokar fa, yaya suka ƙare?"

Ya ce sun miƙa wuya. Sun ɗaga farin ƙyalle, sun je sun ajiye makamai.

"To," in ji Hajiya. Ta buɗe jakarta ta zaro farin hankici, ta ɗaure shi a kan sandarta da kyau, ƙulli biyu. "Kowa ya ɗauki kula. Injiniya, kai ka ɗauki zoɓon, tunda kai ka gano mana kalar."

Ban taɓa yin tafiya irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake. Tsohuwa a gaba ta ɗaga sanda da farin ƙyalle, tana dafe da kafaɗata saboda sandar ta tashi daga aikinta. Bayanmu mata cikin leshi, kuloli a ka, duwatsun leshin suna walƙiya a rana. Maza a ƙarshe da jarkoki. Muka ratsa tsakiyar filin da za a yi yaƙin, takalmanmu masu tsini suna nutsewa a ƙasa. 'Yan kallo suka ɗauka cikin shirin ne, suka taso suka biyo mu. Sojojin toka suka fito bakin tantunansu. A ɗaya ɓangaren wani ya fara buga ganga, masu shuɗi suka jeru suna ƙoƙarin danne dariya. A raina rabi tsoro ne, rabi wani irin daɗi da ban san daga inda ya zo ba.

Saje kaɗai ne bai yi dariya ba. Muka tsaya a gabansa. Hajiya ta sunkuya ta ajiye sandar a ƙasa kusa da takalminsa, ta yi wa matan alama suka sauke kuloli. Sannan ta ce in fassara.

"Ce masa mun zo miƙa wuya. Rigarsa muka so mu sa don ya san mu nasa ne, sai muka sa ta abokan gabansa. Rashin sani ne, kuma namu ne mu manya. Yarinyar nan ba ta san komai a kai ba."

Na faɗa masa da Turanci. Ya daɗe yana kallon farin ƙyallen. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take.

"Abin da na ce ke nan tun farko," in ji shi. "Kuna nan shekara da shekaru, ba ku san ko kalar ba." Ya ɗago ya dubi Hajiya. "Tambaye ta. A can ƙasarku, nata mutanen a wane ɓangare suke? Masu sayarwa, ko waɗanda aka sayar?"

Raina ya ɓaci nan take. Tsohuwa ta tako fili guda ta ajiye maka sanda, abin da za ka saka mata da shi ke nan? Na buɗe baki zan ba shi amsa da kaina, Hajiya ta matse min kafaɗa.

"Faɗa min abin da ya ce, ba abin da kike so ya ce ba."

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai kamar da ma tana jiran tambayar.

"Ce masa duka biyun. Kakana ne ya sayi kakata."

Na tsaya ina kallonta. Ta ce in fassara mana, me nake jira. Haka na ji labarin nan karo na farko a rayuwata, yana fita daga bakina da Turanci, jimla bayan jimla, a gaban baƙi. Kakanta attajiri ne mai fatauci. Kakarta kuwa an kamo ta ne tana ƙarama daga wani gari a cikin duwatsu, a wani hari, aka kawo ta kasuwa. Hajiya ta tashi ta same ta tsohuwa tukuf a ɗakin ƙarshe na gidan, da tsagar fuska da ba irin ta kowa ba. In tana kaɗin auduga takan yi wata waƙa da yaren da babu mai ji a unguwar. Sunan da ake kiranta da shi wanda ya saye ta ne ya sa mata. Na ainihin ba ta taɓa faɗa ba, ko ta manta, ko ba a taɓa tambayarta ba.

"Ce masa shi ya fi ni," in ji Hajiya. "Ya san sunan nasa, ya san gonar, ya san rigar da ya sa ya ƙwaci kansa. Tawa babu wanda ya sa kaki ya je ƙwato ta. Mu ba mu yi yaƙi a kai ba, shiru muka yi. Ga 'ya'yana nan, yau suka fara ji."

Muryata ta karye a jimlar ƙarshe, sai Auta ce ta ƙarasa. Saje ya dubi Hajiya, ya dubi Auta, bakinsa ya motsa. Kafin ya ce wani abu aka busa begila. Ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya kwance hankicin ya sa a aljihunsa, ya mayar mata da sandarta. Ya ce wa ɗansa ya kai fursunonin nan sahun gaba, bakin igiyar da ta raba 'yan kallo da fili, a ɓangaren shuɗi. Ya juya ya tafi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Muka zauna a kan ciyawa a sahun farko, tsibin toka a tsakiyar masu goyon bayan shuɗi. Saurayin ya nuna mana wani shingen katako a tsakiyar fili. Ya ce komai a tsare yake, an san wanda zai ci da wanda zai faɗi, kuma yau Arewa ce za ta ja da baya. Babansa kullum a bakin shingen nan yake mutuwa, saboda gwiwa ba ta barinsa ya haura. Yakan kwanta ya rufe fuska da hula har a tashi.

Sai igwa ta tashi. Na ji ta a ƙirjina kafin in ji ta a kunne. Matanmu suka yi salati a tare, wata ta kifar da kofin zoɓo a cinyarta. Hayaƙi ya rufe filin, warin albarushi ya cika hanci, dawaki suka wuce a guje har ƙasa tana rawa. Ni da na zo da fushi sai ga ni a tsaye ina ɗaga wuya. Can cikin hayaƙin sahun baƙaƙen sojoji ya fito, kafaɗa da kafaɗa, tuta a tsakiya, ganga tana ba su taki. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Na san wasa ne, na san za su tashi su ci waina, amma na kasa kallonsu a matsayin 'yan wasa.

Hajiya ta miƙe. Ta kama hancinta da yatsu biyu ta rangaɗa guɗa.

Rabon da in ji guɗar Hajiya tun bikina. Ta ratsa ƙarar bindigogi ta wuce. Matan nan kuwa kamar jira suke, duk suka tashi suka amsa. Turawan da ke kusa da mu suka dafe kunne, sannan suka fara tafi. Sojojin suka waiwayo a cikin sahu. Suna isa shingen, na dama da Saje ya faɗi, na hagunsa ya faɗi, aka busa musu su ja da baya, sauran suka juya. Saje ya tsaya, hannunsa ɗaya a kan katako. Hajiya ta ja numfashi ta sake wata guɗar, wadda ta fi ta farko tsawo.

Sai muka ga ya ɗaga ƙafa. Da ƙyar, yana dafe da bindiga, ya haura shingen nan ya dira a ɗaya gefen.

"Bai mutu ba," in ji ɗansa da Turanci, ya riƙe kai da hannu biyu. "Ya kamata ya mutu."

Hafsansu yana ta kiransa, mai bayani a lasifika ya yi shiru a tsakiyar magana. Saje ya ci gaba shi kaɗai, yana ɗingishi, ya nufi sahun toka gaba ɗaya. Suka yi harbi, bai faɗi ba. Suka dubi juna. Su ne dai mutanen da suka cire mana huluna da safe, kuma sun ga abin da ya faru a filin kafin yaƙi. Wani mai jan gemu a tsakiyarsu ya sauke bindigarsa ƙasa ya ɗaga hannu biyu. Na kusa da shi ma ya yi haka. Filin ya kaure da ihu, ni kuwa na tsinci kaina rungume da wata Baturiya da ban taɓa gani ba, maigidana yana tsalle da babbar riga.

Da aka tashi, matattu suka miƙe suna kakkaɓe ciyawa, Saje ya nufo igiyar da muke. Fuskarsa duk baƙin albarushi, yana haki, yana jan ƙafa. Iska ta ƙara sanyi, Hajiya tana ɗan rawar ɗari a cikin leshinta. Ya tsaya ya ɓalle maɓallan shuɗiyar rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya cire ta, ya miƙa wa Auta. Tunda aka fara maganar auren nan bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba.

"'Yata," ya ce, "rufa wa mahaifiyarki."

Auta ta karɓa, ta yafa wa Hajiya a kan tokar. Rigar ta sauko mata har gwiwa. Saje ya juyo gare ni.

"Tambaye ta, in mutum zai je neman aure a wurinku, me yake kaiwa?"

"Goro da alewa," in ji Hajiya. "Kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Da manyansa yake zuwa."

Na tuna matarsa ta rasu, kuma Auta ta taɓa ce min 'yan'uwansa duk sun riga shi. Ya waiwaya ya dubi tsofaffin rundunarsa, waɗanda tuni suka kewaye kular waina suna tambayar yadda ake cinta da miya.

"Ga su can," ya ce.

Haka kuwa suka zo, wata Lahadi bayan azahar. Ina leƙe ta taga na ga dattawan nan suna fitowa daga mota cikin shuɗin kakinsu, an goge maɓallai, ɗaya rungume da ƙwaryar goro, ɗaya da kwalin alewa. Suka cire takalma a bakin ƙofa suka jera su. Maigidana da limaminmu suka karɓe su a falo, mu mata muna daga ciki muna kasa kunne. Auta tana zaune a bakin gado, ta damƙe hannuna har yana min zafi.

Da aka gama aka shafa fatiha, Saje ya ce yana da saƙo ga Hajiya. Ta fito da mayafinta ta tsaya a bakin falo. Ya sa hannu a aljihu ya fito da farin hankicin nan, an wanke shi an goge an ninke, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce a gidansu ba a riƙe fursuna in ya zama dangi.